Ƙullin Yaya

A masana'antar ɗinkin da take aiki ba mai kiranta da sunanta. Gyara suke ce mata, har manaja. Teburinta ne na ƙarshe kafin ɗakin guga, duk rigar da ta fito daga kan keken ɗinki sai ta biyo ta hannunta. Takan juya ta, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, in ta ga zare ya yi tsalle ta liƙa jar takarda ta mayar. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aikin. 'Yan matan kan kekuna suna cewa ko asibiti aka kwantar da ita, sai ta juya zanen gadon ta duba kalmasarsa kafin ta yarda ta kwanta.

Ranar da ta koma aiki bayan rasuwar yayarta, riga arba'in da ɗaya ta mayar kafin hutun rana. Mutane suna zuwa bakin teburin suna yi mata gaisuwa, tana cewa an gode, hannunta bai daina juya riguna ba. Har ranar ba ta yi kuka ba, kuma ba hana kanta ta yi ba. Ta jira shi a asibiti, ta jira shi a gida tsakiyar mata, bai zo ba, sai ta tashi ta wanke kofuna. Abin da take ji a ranta bai wuce abin da mutum yake ji a ƙafar da ya daɗe zaune a kanta ba: ka san taka ce, amma ko an mintsine ta ba ka ji.

Sati biyu bayan nan Mai Shago ta aiko mata saƙo cewa ta biyo in ta tashi daga aiki.

Mai Shago tana sayar da zare da allura da maɓallai a wani ɗan shago da ke tsakanin kantin magani da wurin gyaran waya. A ɗakin bayan shagon ne mata takwas suke haɗuwa duk bayan wata uku, masu ɗinkin gicciye. Ɗinki ne da ake yi a kan ƙyalle mai ƙananan ramuka a jere, ana ƙirga ramukan, zare ɗaya ya hau kan ɗaya kamar alamar da malami yake sa wa wanda ya faɗi lissafi, har dubban alamun su taru su zama hoto. Dokar taron ba ta da yawa. Kowace mace ta sa hannu a gwangwanin biskit ta ciro suna, ta yi wa mai sunan kyauta da hannunta, ba saye, ba faɗa wa kowa. Ranar musaya a jera kyaututtukan a naɗe, mai kyauta ta buɗe tata, ta canki wadda ta yi mata. Mai Shago kaɗai ke riƙe da takardar wa ya ciro wa.

Yaya ce ta fara jawo Gyara cikin taron, kuma Yaya ce ta fi kowa rashin iya ɗinkin. Bahaguwa ce, gicciyenta kullum a juye yake kwanciya, saɓanin na kowa. Tana ƙirga rami tana ba da labari, labarin kuwa shi ke cin ƙirgar. Babban laifinta shi ne ƙulli. Masu wannan ɗinkin ba sa ƙulla zare, sukan soke wutsiyarsa ne a ƙarƙashin ɗinkin baya ta ɓace. Yaya kuwa sai ta lashi zaren, ta murza shi a yatsa, ta yi masa ƙulli kamar za ta ɗaure akuya. Ba a taɓa wahalar cankar kyautarta ba. Juyawa kawai ake yi, a ga bayan ya yi cunkus, ɗaki ya ɗauki dariya, ita ta fi kowa.

"Wa zai leƙa baya in ba ke ba?" haka take ce wa ƙanwarta.

Amma duk kyautar da Yaya ta taɓa yi wa Gyara, in ta kai gida sai ta zauna ta ɗan taɓa ta kafin ta adana. A ganinta rufin asiri take yi wa yayarta.

Yau Mai Shago ta rufe ƙofar shagon rabi, ta shiga ciki ta fito da wata jakar leda mai hoton takalmi.

"Daga makarantar da yayarki take dafa abinci aka kawo mini. A cikin lokar da take ajiye kayanta aka samu. Sun ga sunan shagona a jikin zaren."

Gyara ta buɗe. Ƙyalle ne a ɗaure cikin zoben katako, allura a soke a gefe da koren zare a hancinta. Ga takardar zanen a ninke, duk ta sha maiƙo. Hoton taga ce, da butar shayi da kofi biyu a bakinta. An gama butar da kofi ɗaya da fiye da rabin tagar.

"Zan karya doka," in ji Mai Shago. "Sunan Nas ta ciro."

Nas ita ce 'yar Yaya tilo, ma'aikaciyar jinya. A bana ta shiga taron, uwar ce ta matsa mata, wai ta samu abin yi da hannu ban da allurar mutane.

"Yarinyar ba ta sani ba. Musaya saura sati biyar. Na ce ko za ki ƙarasa mata ɗan abin da ya rage, ta samu abin da hannun uwarta ya taɓa na ƙarshe. Ke ce kika fi mu hannu, kuma ke ce jininta."

"To," in ji Gyara.

"Ko in kina ganin zai yi miki nauyi..."

"Ba nauyi. Aikin kwana huɗu ne."

Mai Shago ta dube ta kamar tana jiran wani abu, sannan ta share nata idon da bakin mayafi, ta ƙara mata koren zare ƙulli biyu ba ta karɓi komai ba.

Gidan Gyara ɗaki biyu ne a hawa na uku, ita kaɗai. Tana da kujera a bakin taga inda hasken yamma yake faɗowa, da ɗan tebur, da almakashi, da wata kwalbar zuma da ta ƙare, wadda take tara guntayen zare a ciki don kada su ɓata mata ƙasa. Washegari da ta dawo aiki ta zauna a nan, ta zare allurar daga inda Yaya ta soke ta, ta ci gaba da katakon tagar. Ta yi layi uku lafiya. A na huɗu, gefen tagar na hagu ya ƙi haɗuwa da na sama. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Rami biyu ne suka ɓace. Ta bi baya da tsinin allura har ta gano wurin, can ƙasa kusa da hannun buta, inda Yaya ta yi goma sha huɗu a maimakon goma sha shida.

Ba yadda za a yi taga ta rufu da giɓin rami biyu. Wannan kowa ya sani. Ta warware layi ɗaya kawai, ta mayar da shi daidai, tagar ta haɗu. Ta ajiye aikin ta dafa shayi.

Da safe kafin ta fita ta ɗaga ƙyallen a haske, sai ta ga abin da ba ta gani jiya ba. Layin da ta gyara yana ƙyalli dabam. Gicciyenta yana kwanciya dama, na Yaya hagu, haske kuma ba ya munafunci, wurin ya fito kamar faci a gwiwar wando. Duk yinin ranar tana juya riguna tana ganin facin nan. Ta yi tunanin ta kwaikwayi hannun Yaya, ta ma gwada da yamma, amma hannun da ya shekara ashirin yana bin hanya ɗaya ba ya jin magana. Ta yi biyar a juye, na shida ya koma daidai da kansa. Sai ta ga abin da ya fi sauƙi shi ne ta warware katakon tagar gaba ɗaya ta sake shi, tunda dai katako ne kawai, ba buta ba.

Kada a ce ba ta san abin da Mai Shago ta ce ba. Ta sani sarai. Sai dai maganar tana can nesa, kamar rediyon maƙwabta. Abin da ke kusa shi ne rami da zare, kuma tun rasuwar ba ta samu abin da ya yi mata daɗin riƙewa kamar wannan ba. In tana warwara ba ta tunanin komai. Tsinin allura ya shiga ƙarƙashin zare, ya ɗago, zaren ya fito a lanƙwashe, ta jefa a kwalba. In ta iso ƙulli, da yake ba ya warwaruwa, sai ta sa almakashi ta datse shi, shi ma ta jefa.

Da katako ya zama nata, sai kofin ya fita dabam. Da kofin ya zama nata, sai ta lura bakin butar ya karkace da rami ɗaya, kuma akwai wani ɗan tabo ruwan ƙasa a cikin farin zaren murfin, shayi ne ko miya, Allah kaɗai ya sani. A sati na uku Nas ta kira ta a waya lokacin hutun rana.

"Anti, kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci. Ke fa?"

"Ina ƙoƙari. Jiya na ɗauko waya zan kira Umma in tambaye ta inda ta ajiye murfin tukunya." Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Za ki je musayar nan? Ni da na ce ba zan je ba."

"Ki zo."

"Ban gama tawa ba ma. Duk ta karkace."

"Ki kawo haka. Ki zo dai."

Ta kashe wayar ta koma kan riguna. Da yamma ta warware butar.

Aikin kwana huɗu ya ci sati huɗu da kwana biyu. Ta wanke ƙyallen da ruwa mai ɗumi, ta shanya a kan tawul, ta goge shi ta baya. Bai taɓa yi mata kyau irin wannan ba. Tagar ta miƙe, tururi yana fita daga bakin buta, kofuna biyu kamar a ɗauka a sha. Ta juya bayan, layuka a jere tsaf, ba wutsiya ko ɗaya. Ta naɗe shi a farar takarda ta rubuta Nas a kai. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji akasinsa ba. Ta ji dai an gama.

Ranar musaya mata bakwai suka zauna a ɗakin bayan shago, kujera ta takwas an jingine ta da bango an ɗora mata kwalin maɓallai don kada ta zauna haka. Aka sha shayi. Malama, tsohuwar shugabar makaranta, ta buɗe tata ta canki Gyara nan take, ta ce wannan tsabtar ko a ɗakin tiyata sai haka. Aka ɗan yi dariya, irin ta mutanen da suke gwada ko an halatta musu. Nas ta zo a makare da kayan aikinta a jiki, idonta ya faɗa. Mai Shago ta tura mata farin ƙunshin.

"Wannan ba sai kin canka ba, 'yata. Ummanki ce ta ciro sunanki. Ta fara, Antinki ta ƙarasa mata."

Nas ta ɗora hannu biyu a kan takardar, ta daɗe ba ta buɗe ba. Da ta buɗe, ta ga butar da kofunan, sai bakinta ya motsa.

"Butarmu ce. In na dawo daga aiki a bakin taga muke sha."

Matan suka matso ana ta sa albarka. Ita kuwa ba ta tsaya kallon gaban ba. Tana murmushi, hawaye na zuba, ta juya ƙyallen kamar yadda aka saba juya aikin Yaya, har Malama ta fara dariya tun kafin a gani. Sai dariyar ta tsaya. Nas ta shafa bayan da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Ta kai shi kusa da ido. Ta duba kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya.

"Anti, ina wurin da Umma ta yi?"

Gyara ta buɗe baki, ta ji muryarta ta fito daidai yadda take fita a wurin aiki.

"Ta yi kuskuren ƙirga. Tagar ba ta haɗu ba."

"Sai kika gyara wurin."

"Na warware."

"Ina da ina?"

"Duka."

A waje mai gyaran waya yana gwada wata ƙara, tana yi tana katsewa. Mai Shago ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofin da ba komai a ciki. Nas ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ninke ƙyallen a hankali, gaban a ciki.

"Ya yi kyau, Anti. Sannu da aiki."

A nan ne wani abu ya ɗan motsa a ƙirjin Gyara, kaɗan, kamar ƙafar nan in jini ya fara dawowa. Ta yi saurin cewa, "Ina da wasu a gida. Waɗanda ta yi mini, sun kai shida. Ki zo ki ɗauki wanda kike so. Ki ɗauke duka ma."

Suka tafi tare a motar haya. A hawa na uku Gyara ta wuce ɗaki kai tsaye ta jawo aljihun kabad na ƙasa. Suna nan a jere, kowanne da takarda a tsakani: kaza da 'ya'yanta, kwandon lemo, jakar allura mai fure, wani gida mai jan rufi. Ta ɗauko kazar ta miƙa wa Nas, Nas ta juya. Tsaf. Ta ɗauko lemon ta juya da kanta. Tsaf. Tana juyawa tana tunawa, wannan ta gyara shi a wani hutun ƙarshen mako, wancan kwana uku ya ɗauke ta, jakar allurar ma har launin furen ta canja don na Yaya bai dace ba. Shida ne cif, kuma babu ɗaya da zaren Yaya ya rage a jikinsa.

Ta zauna a bakin gado da gidan mai jan rufi a cinyarta. Shekara goma sha ɗaya yayarta tana yi mata kyauta, ita kuma tana bi tana cire ta daga ciki.

"Zaren da kika cire fa?" in ji Nas daga bakin ƙofa. "Kin zubar?"

"Na da, na zubar." Ta waiga wajen falo. "Na wannan yana kwalba."

Nas ta koma falo. Gyara ta ji ƙarar buɗe murfi, ta fito ta same ta a durƙushe gaban ɗan teburin, ta juye kwalbar a kan farar takardar da aka naɗe kyautar. Tarin guntaye ne kore da fari da ruwan ƙasa. Wasu miƙaƙƙu, wutsiyoyin da Gyara ta datse daga nata ɗinkin. Wasu a lanƙwashe, sun riƙe siffar ramukan da suka kwana a ciki. Nas tana ware su da farce kamar mai tsintar shinkafa. Ta ɗago wani kore mai ƙaton ƙulli a kai, ta riƙe shi a haske.

"Ga ta nan," ta ce a hankali. "Ji wani ƙulli don Allah. Kamar za a ja mota da shi."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta ci gaba da tsinta a haka. Gyara ta durƙusa a ɗaya gefen. Ba a ce ta taya ba, amma idonta ya fi na kowa gane aikin da ba daidai ba, yau kuma shi ake nema. Ta riƙa zaro su da sauri tana turawa gaban yarinyar, masu ƙulli da masu lanƙwasa, har da farin nan mai tabon shayi. Rana ta sauka daga kan tebur zuwa ƙasa kafin su gama. Abin da suka tara bai cika tafin hannu ba.

Nas ta ciro wata 'yar ledar magani daga aljihun rigar aikinta, ta zuba su ciki, ta danne bakin. Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ƙyallen mai buta yana kan kujera inda ta ajiye shi, ba ta waiwaye shi ba, Gyara kuma ba ta tuna mata ba. Har ta kai ƙofa sai ta tsaya, ta sake buɗe ledar, ta daɗe tana dubawa. Ta dawo ta kama hannun Gyara, ta buɗe tafin, ta ajiye mata ƙulli ɗaya, koren nan mai girma.

"Ke ma ba ki da ko ɗaya, Anti."

Ta fita ta ja ƙofar. Gyara ta ji takunta yana sauka hawa uku har ya ɓace.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin da hannu a buɗe. Ƙullin bai kai ƙwayar gero biyu ba, an murza shi sau uku inda sau ɗaya ma laifi ne, wata 'yar wutsiya ta fito masa a gefe ta yi tsaye. Babban yatsanta ya kai kan wutsiyar da kansa zai kwantar da ita. Ta janye yatsan. Ta rufe hannun, ta riƙe shi da ɗaya hannun, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar.

"Yaya," ta ce, a ɗakin da ba kowa. Muryar ba ta fito irin ta wurin aiki ba.